Waifar Mota Ba Ado Ba Ce

Zuwa ga Edita,

Zancena na wannan mako kan waifa ne, watau sandan nan mai share ruwa daga gilashin gaban mota, wanda wata mace a Amurka, Mary Anderson, ta yi wa rajista tun 1903.

Cikin watan Agusta na taso daga Gummi za ni Anka. Mun wuce Ɗaki Takwas ke nan sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Waifa ta goce, tana share gefe, gaban direba kuwa dishi-dishi. Saura ƙiris mu auka wa garken shanu, Allah ya kiyaye.

Da muka tsaya, ashe notin da ke riƙe da hannunta ne ya kwance. Direba ya kashe ta, ya cire hannun, ya kwantar da shi daidai gindin gilashi, sa'an nan ya ɗaure tam. Aikin minti 5 kurum!

Jama'a, rana da hunturu kan busar da robarta, a sake ta kafin damina. In za ku shiga mota hadari ya taso, ku roƙi direba ya gwada ta tukuna. Rigakafi ya fi magani.

Haza wasalam.

Naka,
Akawu, Anka.