Dankalin Turawa a Tukunyar Iska

A 'yan shekarun nan wata na'ura ta kutsa cikin kayan ɗakin amare a biranenmu, har tana neman zama dole kamar firji. Ita ce wadda 'yan kasuwa ke kira eya-firaya, ni kuwa tukunyar iska nake ce mata. Kamfanin Philips ne ya fito da ita a wani baje kolin kayan lantarki a Berlin cikin shekarar 2010, kuma dankalin Turawa shi ne abin da aka fi tallata ta da shi.

Sunan da aka laƙaba mata na suya akwai ruɗi a ciki, domin gashi take yi. Ƙaramin tanderu ne mai wayar wuta a sama, da fanka da ke hura zafin a kan abinci. Wanda ya fahimci haka ba zai yi fushi da ita ba idan ɗanɗanon ya bambanta da na kasko.

Ga yadda nake ganin ya fi fita. A fere dankalin, a yanke duk inda ya yi kore, a yayyanka shi daidai wa daida. A jiƙa shi a ruwan sanyi kamar rabin awa don sitacin da ke bayansa ya fita, sannan a tsane shi sarai da tsumma mai tsabta. A nan mafi yawan masu ƙorafi ke tuntuɓe: jiƙaƙƙen dankali turara yake yi a ciki, ya fito laɓe-laɓe. Cokali ɗaya na man gyaɗa ya isa, da gishiri kaɗan. Yajin kuwa a bari sai an sauke, kada ya ƙone ya yi ɗaci. A sa zafin a digiri 190 zuwa 200, minti 20 zuwa 25, a girgiza kwandon a tsakiyar lokaci.

Masu talla kan ce ita ce maganin ƙiba da hawan jini. Wannan zuƙi ta mallam ce. Mai dai ya ragu ƙwarai, amma dankali na nan da sitacinsa, kuma idan aka bar shi ya yi duhu yakan samar da sinadarin akirilamaid, wanda masana ke zargin yana iya haddasa ciwon daji. Da ya yi ruwan zinare, a sauke.

Inda gizo ke saƙa shi ne lantarki. Yawancin irin waɗannan na'urori suna jan wat 1,500 ko kusa da haka. Da farashin Naira 225 kan kowane yunit, wanda aka ɗora wa 'yan rukunin A a Afrilun 2024, gashin minti 25 kimanin Naira 140 ne. Idan aka kwatanta da man da kasko ke sha, ai araha ce. Sai dai wannan lissafi na mai samun wuta ne. Ƙaramin janareton da ke gidaje da dama bai kai wat 1,000 ba, ba zai ko tayar da ita ba, batirin sola kuwa nan da nan take zuƙe shi.

Don haka kafin uwar amarya ta ci bashi saboda ita, ta fara tambayar awa nawa ake kawo wuta a unguwar da za a kai 'yarta. Ta kuma duba girman kwandon, domin ba ya son cunkoso: gidan da ke da baki goma sai an yi sahu uku, kafin na ƙarshe ya sauka na farko ya huce.