Shin gosulon Ikko ya kai yadda ake faɗi?

Duk ɗan kasuwa ko ɗan cin ranin da ya dawo daga Ikko, wato Legas, ba ya rasa labari uku da zai ba mutanen gida: teku, da yawan jama'a, da gosulo. Na teku ana yarda da shi, na yawan jama'a ma ba a cika musu ba, amma da ya zo kan gosulo sai a fara kallon juna. Mutumin Maraɗi ko na Damagaram, wanda ɗan kabu-kabu ke ɗauka daga wannan bakin gari ya sauke shi a wancan kafin shayi ya huce, idan aka ce masa akwai garin da ma'aikaci ke tashi tun kafin kiran asalatu don ya isa wurin aiki da ƙarfe 8, kuma ba ya komawa gida sai bayan lisha, cewa zai yi zuƙi ta malle ce. To, masu ba da labarin nan ba su ƙara gishiri ba, sai dai ma a ce sun rage.

Mafarin abin yana ga zaman garin kansa. Ikko birni ne da ruwa ya raba: ga tsibirai a gefe guda, inda bankuna da manyan ofisoshi da tsofaffin kasuwanni suke, ga kuma tudu a ɗaya gefen, inda akasarin talakawa ke kwana, a unguwanni irin su Agege da Mushin da Oshodi da Ikorodu. Tsakanin tudun da tsibirin Ikko gadoji uku ne kacal: gadar Carter da aka fara ginawa a 1901, da gadar Eko ta 1975, da gada ta uku mai tsawon kilomita 11,8 wadda Janar Babangida ya buɗe a 1990. Kowace safiya jama'a na kwarara ta waɗannan ƙofofi uku zuwa wuri guda, da maraice kuma su juyo gaba ɗaya. Mota guda ta mutu a tsakiyar gada, ta tsayar da dubbai a bayanta.

Yawan jama'ar kuwa, ko hukumomin Nijeriya ba su daidaita a kansa ba. A ƙidayar 1963 an samu mutum kamar dubu 665 a birnin. A ta 2006 gwamnatin tarayya ta ce jihar na da miliyan 9 da ƴan kai, gwamnatin jihar ta ce atafau ba ta yarda ba, mutanenta sun haura miliyan 17. In ta wannan lissafi na biyu za a bi, to tun a wancan lokaci Ikko ta kai yawan mutanen da aka ƙidaya a Nijar baki ɗaya a 2012, alhali ita ce mafi ƙanƙantar ƙasa a duk jihohin Nijeriya. An yi zaton mayar da babban birnin tarayya Abuja a watan Disamban 1991 zai rage wa garin nauyi. Ma'aikatun gwamnati sun tashi, amma tashar jiragen ruwa da masana'antu da kuɗi ba su gusa ba, mutane kuwa inda kuɗi suke nan suke nufa.

Wanda ke son ya san iyakar abin, sai ya tambayi direbobin manyan motoci labarin Apapa. Nan ne tashar jiragen ruwa mafi girma a Nijeriya take, ga ta Tin Can a maƙwabtaka, ga kuma rumbunan man fetur barkatai a kewaye. Tsakanin 2017 da 2020 kamyo da tirela da tankokin mai sun yi layi tun daga ƙofar tashar, suka hau gadoji, suka miƙa har cikin unguwanni. Direba kan yi kwana da kwanaki, wani har makonni, yana jiran ya shiga ya ɗauki kwantena ɗaya. A ƙarƙashin motarsa yake kwana, nan yake wanka, nan yake salla, ga masu karɓar na goro a kowane shinge. Har ta kai jaridun duniya na ba da labarin cewa kuɗin fito da kwantena daga tashar zuwa cikin gari ya kusa kai na ɗauko ta daga ƙasar Sin ta teku. A watan Mayun 2019 sai da fadar shugaban ƙasa ta ba da umarnin a kwashe motocin, aka ɗora wa mataimakin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo jagorancin aikin. A 2021 hukumar tashoshin ruwa ta fito da tsarin kiran motoci ta intanet, ta yadda direba ba zai taso ba sai an ba shi lokaci. An samu sauƙi, amma ƴan kasuwa da dama sun riga sun yi asarar da ba ta mayuwa.

Asarar gosulo ba ta tsaya ga manyan ƴan kasuwa ba. Tumatir da albasa da tattasan da ake saukewa a kasuwar Mil 12, da shanun da ake kaiwa mahautar Agege, daga arewa suke fitowa, wasu ma daga wannan gefen iyaka. Kowace awa da mota ta ɓata a hanya, kayan gwari na ruɓewa, dabba na ramewa, mai kaya ne ke biya. Mace mai naƙuda da marar lafiyar da ake gaggawar kaiwa likita ba su da wata hanya dabam da ta sauran jama'a. Ɓarayi sun san inda motoci ke tsayawa da dare, sukan fasa gilashi su ƙwace waya da kuɗi, mai mota ba gaba ba baya. Ranar 28 ga Yunin 2018 wata tankar mai ta kama da wuta a gadar Otedola da maraice, lokacin da hanya ke cike. Mutum 9 aƙalla suka rasu, motoci sama da 50 suka ƙone, domin babu inda za su kauce. Masu cin riba kawai su ne ƴan talla da ke ratsa tsakanin motoci, ɗauke da ruwan leda da soyayyar ayaba da agogo da tabarma, har ana ba'a cewa mutum na iya gama cefanen gidansa bai fito daga mota ba.

Hukumomi ba su zauna hannu rungume ba, sai dai yawancin magungunan da suka gwada na shafawa ne. A 1977, shekarar bikin al'adun baƙar fata na FESTAC, gwamnatin soja ta kafa dokar lambar mota: masu lamba 1, 3, 5, 7, 9 su shiga tsakiyar gari wasu ranaku, masu 2, 4, 6, 8 su jira nasu ranakun. Lokacin kuɗin man fetur na kwarara, sai masu hali suka sayi mota ta biyu mai ɗayar lambar, wasu kuma suka tanadi allon lamba biyu. Dokar da aka yi don rage motoci sai ta ƙara su. A shekara ta 2000 gwamna Bola Tinubu ya kafa hukumar LASTMA ta masu ba da hannu a titi. A 2020, sannan a 2022, aka hana ƴan acaba, waɗanda a can ake kira okada, bin manyan unguwanni. An ƙwace babura da yawa aka murƙushe su, samari masu yawa daga arewacin Nijeriya da Nijar suka rasa abin yi dare ɗaya. An ce don tsaro ne da rage hatsari, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai fasinjan da ke hawa babur don ya tsere wa gosulo, cikin gosulon aka mayar da shi.

Babban kuskuren kuwa an yi shi ne a 1985. Gwamnan farar hula na farko a jihar, Alhaji Lateef Jakande, ya gane tun da wuri cewa gari irin wannan ba zai rayu da ƙananan motoci kaɗai ba. A 1983 ya ƙaddamar da aikin jirgin ƙasa na cikin gari, aka ba wasu kamfanonin Faransa kwangila. A ƙarshen wannan shekara sojoji suka karɓi mulki, a 1985 gwamnatin Janar Buhari ta soke aikin da sunan tsuke bakin aljihu, daga baya kuma aka biya kamfanonin diyyar miliyoyin dalar Amurka: ba jirgi, ba kuɗi. Birnin Alƙahira, wanda ya fara irin wannan aiki a daidai wannan zamani, shi ma da hannun Faransawa, ya buɗe layinsa na farko a 1987. Ikko kuwa sai a watan Satumban 2023 jirginta na farko ya ɗauki fasinja, daga Marina zuwa Mil 2, kilomita 13 kacal. Layi na biyu, daga Agbado zuwa Oyingbo, ya biyo baya a 2024. Shekara 40 ke nan tsakanin aza harsashin Jakande da tashin jirgin, kuma a cikin shekarun nan garin ya ninka ya sake ninkawa. A wannan tsakani, ƙananan bas masu launin rawaya da ake kira danfo su suka ɗauki nauyin jama'a, suna tsayawa inda suka ga dama, suna lodi a tsakiyar titi.

Abin da ya fi amfani cikin duk abin da aka gwada shi ne mafi sauƙin kuɗi. A 2008, zamanin gwamna Babatunde Fashola, aka keɓe wa manyan bas layi nasu na kansu daga Mil 12 zuwa tsibiri, aka gina masa shinge don kada ƙananan motoci su shiga. Bas guda na ɗaukar mutanen da mota 30 ko 40 za su ɗauka idan kowa na tafe shi kaɗai, ga shi kuma tana wucewa mai jibgegiyar mota na tsaye yana kallo. Wannan ya nuna inda gizo ke saƙa. Akasarin mutanen Ikko ba su mallaki mota ba, amma ƴan tsirarun da suka mallaka su ne suka cika titi. Faɗaɗa hanya kuwa kiran ƙarin motoci ne: gada ta uku, wadda a ranar buɗe ta babu mai tsawonta a Afirka, ita ce yanzu ake ba da misali da ita idan ana zancen cunkoso.

Wannan darasi ya shafi Yamai, ko da yake tsakaninta da Ikko akwai nisa kamar na tabki da teku. Ita ma ruwa ya raba ta. Shekara 40 gadar Kennedy ta 1970 ce kaɗai ke haɗa Harobanda da sauran gari, kafin a buɗe ta biyu a 2011 da ta Janar Seyni Kountché a 2021. An gina gadar sama ta Mali Bero a 2013, wasu suka biyo baya. Ayyuka ne masu kyau, ba mai musu, amma duk na masu mota ne. Garin da ya haura mutum miliyan guda tun a ƙidayar 2012 har yanzu taksi da faba-faba da babura ne ke jigilar talakansa, layin dogon da aka shimfiɗa zuwa Doso aka yi bikin buɗe shi a 2016 kuwa bai zamo hanyar zirga-zirgar jama'a ba. Abin da Yamai ke da shi wanda Ikko ta rasa shi ne fili da lokaci. Keɓe layin bas a kan manyan hanyoyi tun unguwanni ba su rufe su ba, aikin fenti ne da shinge da doka mai haƙora. Idan aka bari sai gidaje sun tsaya, sai an rushe, an biya diyya, an yi shari'a.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Magajin garin Yamai da ma'aikatar sufuri, da takwarorinsu na Maraɗi da Damagaram da Tawa, ba sai sun aika tawaga Turai neman ilimin wannan al'amari ba. Ya isa su zauna da direbobin da suka taɓa kwana a layin Apapa, su ji daga bakinsu. Allah ya ba shugabanni ikon hangen nesa, matafiya kuma ya kai kowa gida lafiya.