Uwargida, Wa Ke Leƙen Ɗakinki Ta Kwamfuta?

 

Uwargida, kowa ya san yadda kike kaffa-kaffa da ɗakinki. Baƙon namiji iyakarsa zaure, ko almajiri sai ya yi sallama. To amma kwamfutar nan da kike bari a buɗe a kan gado, da 'yar kyamararta tana fuskantar ɗaki, kin san ita ma ƙofa ce?

A shekarar 2014 hukumar FBI ta Amurka da 'yan sandan wasu ƙasashe sun kama mutum fiye da 90 a kan wata manhaja mai suna Blackshades. A lokacin, dala 40 kacal ake sayar da ita, kuma mai saye ba sai ya yi zurfin ilimin kwamfuta ba. Da zarar ta shiga kwamfutarki, daga wata uwa duniya zai kunna kyamara yana kallonki ba mayafi, ya kwashe hotunanki, ya ga duk lambar sirrin da kika buga. Kwamfutoci sama da 500,000 ta shiga.

Ta ina take shigowa? Galibi mu muke buɗe mata da hannunmu. Saƙon imel ne zai zo da sunan ƙawarki, wai ga hotunan biki, ki latsa. Ko yara su sauko da wasan kyauta daga intanet. Ko a kai filashi shagon buga takardu ya kwaso cuta ya dawo gida.

Don haka ki liƙe kyamarar da ɗan salatif, ki rufe kwamfutar idan an gama aiki. Saƙon da ba ki zaci zuwansa ba, ki kira mai shi ki tambaya kafin ki buɗe. Idan kwamfuta ta nemi a sabunta ta, kada ki hana don tsoron ƙarewar data. A watan Maris na 2017 kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran wata ɓaraka a Windows, mutane da yawa suka yi sakaci. A watan Mayu cutar WannaCry ta bi ta wannan ɓarakar, har asibitoci a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. In kuwa Windows 7 ce a gidanku, tun Janairun 2020 aka daina yi mata gyara, sai ku sauya.

Sannan ki ja 'yan matanki a jiki. Ki nuna musu cewa duk wanda ya yi musu barazana da hoto, ke za su fara gaya wa. Kada a biya shi ko sisi, domin wanda aka ba yau gobe ma zai dawo. A adana saƙonnin, a sanar da maigida, a kai ƙara wajen hukuma.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.