Kama da wane ba wane ba ne

Bara wani ɗalibina a nan Kance ya aika wa kawunsa na Daura saƙo da Turancin Ingilishi: "I passed the exam". Kawu ya yi murna har ya aiko da tukuici. Ashe yaro zaman jarrabawar BEPC kawai ya yi, sakamako bai fito ba. A Faransanci "passer un examen" zaman jarrabawa ne, amma a Ingilishi "pass" cin ta ne. Da sakamako ya fito bai ci ba, kawu ya ce yaro maƙaryaci ne.

Ba ƙarya ya yi ba. Laifinmu ne mu malamai. Yaranmu suna fara Ingilishi a kolej bayan shekara shida na Faransanci, sai mu bar su suna auna sabon harshe da tsohon. Harsunan kuwa suna da kalmomi masu kama da juna, domin tun da Normandawa suka ci Ingila a 1066 kalmomin Faransanci suka kwarara cikin Ingilishi, wasu kuma ma'anarsu ta sauya. "Librairie" kantin sayar da littattafai ne, "library" ɗakin karatu. "Attendre" jira ne, "attend" halarta. Mai koyon Sifaniyanci ma bai tsira ba: "éxito" nasara ce, ba ƙofar fita ba, "embarazada" kuma mai juna biyu ce, ba mai jin kunya ba.

Maganin yana bakinmu. Duk ɗan Bahaushe ya san garin Matamai daban, garin tuwo daban, kukan jariri kuma ba kukar miya ba ce. Da wannan za mu fara darasi, sannan mu sa kowane ɗalibi ya ware shafi mai gida uku: kalmar Faransanci, ta Ingilishi, da ma'anar kowacce da Hausa.

Wasu abokan aiki za su ce Hausa a aji tana lalata Turanci. To, tun Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Yaron da bai iya faɗin ma'ana da harshen uwarsa ba, hadda ya yi.

Iyaye, ko ba ku yi lakwal ba, in yaro ya karanta muku jimla, ku tambaye shi: "Me wannan ke nufi da Hausa?"