Abin da uwa ta ji nauyin faɗa, yaya ce ke faɗinsa

Yau za mu leƙa Amurka, wajen 'yan asalin ƙasar Meziko, waɗanda yawansu a can ya haura miliyan 35. Mutane ne masu riƙon zumunci, da yawa daga cikinsu 'yan Katolika ne, kuma a gidaje da yawa uwa takan ji nauyin zaunar da ɗiyarta ta yi mata maganar jinin al'ada, da samari, da yadda ake ɗaukar ciki. To, idan uwa ta yi shiru, wa ke magana? Yaya ce.

Ita ce ke kwana ɗaki ɗaya da ƙanwar. Ita ta fara shiga makaranta ta iya Turanci, har ita ke yi wa iyaye tafinta a asibiti. Ƙanwar kuwa tana sauraron abin da take faɗa, tana kuma kallon abin da take yi. Wata malama mai bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, Patricia East, ta daɗe tana nazarin irin waɗannan gidaje. Ta gano cewa yarinyar da yayarta ta haihu tun tana ƙarama ta fi sauran 'yan mata shiga haɗarin ɗaukar ciki da wuri. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: abin ya zama ba baƙo ba a gidan, hankalin uwa ya koma kan jika, ƙanwar kuma ta zama mai raino, karatu ya ja baya.

Hukumomin jihar Kalifoniya ba su tsaya ga wa'azi ba. A 1996 suka buɗe shiri na musamman don ƙannen matasan da suka yi ciki ko suka haihu, ana taimaka musu da karatu, da shawara, da hanyar zuwa wajen likita. Da aka auna sakamako, kashi 4 cikin 100 na 'yan matan shirin ne suka yi ciki, a wajen waɗanda ba su shiga ba kuwa kashi 7 ne.

Ra'ayinmu a nan shi ne, duk mai son kare ƙaramar yarinya, to ya fara da yayarta. Wasu za su ce ai wannan nauyin iyaye ne, kada a ɗora wa yarinya. Gaskiya ne, amma ko an so ko an ƙi, ƙanwa wajen yaya take kai tambayarta. Idan yayar ba ta da sani sai jita-jitar ƙawaye da abin da ta tsinta a waya, shi za ta ba ta. Haka ma yaya namiji: tsare ƙofa da tsawa ba sa koya wa yarinya komai game da jikinta, sai dai su sa ta ƙara ɓoye sirrinta.

Wannan kunyar dai mun san ta a gidajenmu, daga Maraɗi har Damagaram da Tawa. Saboda haka muna kira ga unguwarzoma da ma'aikatan asibiti: in yarinya ta zo awon ciki, a tambaye ta ko tana da ƙanwa a gida. Iyaye kuma, in bakinku ya yi nauyi, ku tabbata babbar ɗiyarku ta samu sani na gaskiya, domin ita ce za ta isar da shi.

Ku fa, wa ya fara yi muku wannan bayani, uwa ko yaya? Muna jiran ra'ayoyinku.