Kaluluwar Da Ba Ta Ciwo

Mai gida, ka san kaluluwa. In yaro ya yi gyambo a ƙafa sai ta fito masa a matsematsi, in gyambon ya warke ita ma ta tafi. Wannan ba abin tsoro ba ne.

Amma akwai wata iri da ta fi kama manya, masu shekara 50 zuwa sama. Takan fito a wuya, ko hammata, ko matsematsi. Ba ta ciwo, ba ta kuwa tafiya. In ta wuce wata guda, balle in da gumin dare, ko zazzaɓi, ko rama ba dalili, kada ka kai wa wanzami ya tsaga. Tafi asibiti. Mai yiwuwa tarin fuka ne, mai yiwuwa kuma wani ciwon daji ne mai tafiyar hawainiya, wanda likitoci ke kira limfoma.

Hannun likita na waje kaɗai yake taɓawa, alhali akwai kaluluwa a cikin ƙirji da cikin ciki. Shi ya sa ake ɗaukar hoto. Akwai na'urar da ake shafa mai a fata a goga ta, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita. Akwai kuma babba, ana ce da ita Siti Sikan, wadda aka fara duba mutum da ita a Ingila a 1971. Za ka kwanta ne a gado, gadon ya ratsa wani zobe. Ba zafi, ba yanka. Ita ke nuna yawan kaluluwar da girmanta, har da saifa in ta kumbura. Ana samunta a manyan asibitoci, kamar na koyarwa da ke Kano da Zariya da Sakkwato. Mace mai ciki ta faɗa tun kafin ta hau. Hoto kaɗai ba ya tabbatar da cutar, sai an ciri ɗan tsokar kaluluwar an auna.

To, ga inda mutane da yawa ke kuskure. Wani lokaci likita zai ce, ba magani yanzu, koma gida, ka dawo bayan wata uku ko shida. Sai mutum ya ji haushi, ya ce ya sayar da akuya a banza, ya ƙi komawa. A ganinmu wannan ganganci ne. Likita bai raina ka ba. An gwada an gani, in irin wannan cuta ba ta damun mutum, gaggauta magani ba ya ƙara masa kwana, sai dai wahalar maganin. Amma fa takan juya ta yi sauri, kuma komawar ce ke nunawa.

Ba kowace komawa ake sake hoto ba, don hasken babbar na'urar ba a son ya yi yawa a jiki. Ka adana tsohon hoton da takardarsa a akwati, inda gara da ruwa ba za su taɓa ba, ka riƙa tafiya da su, don da tsohon ake gwada sabon. In kuwa kumburin ya ƙaru da sauri, kada ka jira ranar da aka sa maka.