Jirgin ruwa ana ganin sa, kamiyon Tenere fa?

Kayan da muke kasawa a kasuwar Agadas, daga shinkafa har atamfa, galibi teku suka ratso. Tun 2004 dokar duniya ta tilasta wa manyan jiragen ruwa ɗaukar na'urar AIS, mai faɗin inda jirgi yake, gudunsa da inda ya dosa. Da waɗannan bayanai masana ke gano wuraren da jirage ke yawan cunkoso, su san inda haɗari ke laɓe tun bai afku ba.

To jama'a, mu tekunmu na rairayi ne. Kamiyo ya kama hanyar Dirku, sai addu'a. A watan Oktoba 2013 mutum 92, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su arewa da Arlit bayan motocinsu sun lalace. Sai gawarwaki aka tsinto.

Muna kira ga hukumomi da sandikan direbobi: kada motar da ta tsallaka sahara ba na'urar tauraron ɗan Adam. A kuma riƙa rubuta inda motoci ke yawan mutuwa. Wasu direbobi na tsoron jandarma su bi sawunsu, mun sani. A zauna da su. In kuɗin na'ura ne, mu masu kaya a ɗora mana kan kuɗin dako.